Stockfish da aka rage wa ƙarfi: abin da lambar UCI_Elo ke iyawa da abin da ya fi ƙarfinta

Stockfish inji ne na wasan ches da ake saukewa kyauta. Tun fitowarsa a 2008 daga hannun Tord Romstad da Marco Costalba da Joona Kiiski ƙarfinsa ke ta hauhawa, har ya wuce inda ɗan Adam zai iya kaiwa. Magnus Carlsen ya kai maki 2882 a 2014, kuma ba wanda ya taɓa kai haka a ma'aunin FIDE, hukumar wasan ches ta duniya, amma shi ma ba sa'an injin ba ne. Wajen nazarin wasa, wannan ƙarfi alheri ne. Ga mai neman abokin karawa kuwa matsala ce, don ba abin da mutum zai ƙaru da shi idan kullum ana gamawa da shi a taku 25 bai ma gane inda ya kuskure ba. Shi ya sa aka yi wa injin hanyar rage ƙarfi, kuma ita kaɗai wannan sharhi ya duba, kamar yadda take a Stockfish 16 da 17.

Ra'ayinmu tun daga farko shi ne: saitin yana rage ƙarfi da gaske, cikin tsari, kuma ga ɗan wasa mai ƙarfi ko mai haɗa manhaja yana biyan buƙata. Amma lambar ƙarfin da ka rubuta wa injin, wato UCI_Elo, ba daidai take da makin mutane ba, kurakuran da injin ke yi kuma ba irin na mutane ba ne. Wanda bai san waɗannan biyun ba zai ɗauki darasin da ba shi ba daga wasanninsa.

Maɓallai uku da yadda ake saita su

Stockfish ba shi da allo nasa. Yana magana ne da manhajar allo, irin su Arena, Cute Chess, En Croissant ko DroidFish a wayar Android, ta hanyar ƙa'idar UCI da Stefan Meyer-Kahlen da Rudolf Huber suka fitar a shekarar 2000. A cikin zaɓuɓɓukan da yake miƙa wa manhajar, uku ne suka shafi ƙarfi.

Na farko Skill Level, daga 0 zuwa 20, kuma a kan 20 yake zuwa, wato cikakken ƙarfi. Na biyu UCI_LimitStrength, wanda kunnawa ko kashewa ne kawai, a kashe yake zuwa. Na uku UCI_Elo, wato makin ƙarfin da kake so injin ya kwaikwaya, daga 1320 zuwa 3190. A tsofaffin fitowa, kafin ta 16, iyakar daga 1350 ce zuwa 2850, don haka a fara duba wace fitowa ce a hannu. Idan aka kunna UCI_LimitStrength, lambar UCI_Elo ce ke mulki, duk abin da aka sa a Skill Level ya tashi a banza. Idan ba a kunna shi ba, UCI_Elo ce ke tashi a banza.

Mai son gwadawa ba tare da manhajar allo ba sai ya buɗe injin kai tsaye ya rubuta waɗannan layuka ɗaya bayan ɗaya:

uci
setoption name UCI_LimitStrength value true
setoption name UCI_Elo value 1600
ucinewgame
isready
position startpos moves e2e4
go movetime 1000

Layin farko zai sa injin ya zayyano duk zaɓuɓɓukansa tare da iyakokinsu, kuma nan ne wurin tabbatar da ƙarami da babba na UCI_Elo. Layin ƙarshe ya ba shi daƙiƙa ɗaya, sai ya amsa da bestmove da takun da ya zaɓa. Masu amfani da python-chess, kayan aikin ches na masu rubuta shiri da Python, kuwa, engine.configure ne ke karɓar waɗannan sunaye biyu, sannan engine.play ya karɓi iyakar lokaci. A bar Threads, wato yawan sassan ƙwaƙwalwar kwamfuta da zai yi aiki da su, a kan 1, da Hash, wato girman ma'ajiyar bincikensa, a kan 16, kamar yadda suka zo. Dalilin zai fito a gaba.

Abin da ke gudana a ciki

Nan ne ya kamata a tsaya a fahimta, don duk halayen injin a kan allo daga nan suka samo asali. Lambar rubutun Stockfish a buɗe take, kowa na iya karanta wannan ɓangaren, kuma gajere ne ƙwarai.

Da zarar matakin ya yi ƙasa da 20, injin yana tilasta wa kansa bin taku huɗu mafiya kyau a lokaci guda maimakon ɗaya. Sannan ba ya jira sai bincikensa ya yi zurfi kafin ya yanke shawara. Yana zaɓa ne a lokacin da zurfin binciken, wato yawan takun da yake hangowa gaba, ya kai lambar matakin da ƙarin ɗaya: a mataki na 0 zurfi 1, a mataki na 4 zurfi 5, a mataki na 10 zurfi 11. Bayan ya zaɓa zai ci gaba da bincike har lokacinsa ya ƙare, amma takun da zai buga ya riga ya kulle shi.

Shi kansa zaɓen haka yake. Akwai wata lamba ta rauni, wadda ake samu idan aka ninka matakin sau biyu aka cire daga 120. A mataki na 0 ita ce 120, a na 10 ita ce 100. Da wannan lamba ake yi wa kowane taku cikin huɗun nan ƙari iri biyu. Ƙarin farko yana cike mafi yawan tazarar da ke tsakanin takun da wanda ya fi kowa kyau: a mataki na 0 kashi 120 cikin 128 na tazarar ake shafewa, saura kashi ɗaya cikin 16 kacal. Ƙari na biyu ƙuri'a ce, lambar da ake jefawa kan mai uwa da wabi, kuma girmanta ya danganta da tazarar da ke tsakanin taku na ɗaya da na huɗu, sai dai ba ta wuce darajar soja guda a ma'aunin cikin injin. Wanda jimillarsa ta fi yawa shi ake bugawa.

Idan aka yi lissafin, za a ga iyakar munin takun da ƙuri'a za ta iya ɗagowa. A mataki na 0 takun da ya gaza na farko da kusan darajar sojoji 15 yana iya cin zaɓe. A mataki na 4 kusan 7, a na 10 kusan uku da rabi, a na 19 ƙasa da biyu. Kada a fassara waɗannan kai tsaye da darajar littafi, inda ake cewa doki sojoji uku ne, don injin yana ɗaukar asarar doki a banza da nauyi fiye da haka. Amma hoton a fili yake: a ƙananan matakai kusan komai na iya faruwa, muddin yana cikin huɗun farko.

UCI_Elo ba wata sabuwar dabara ba ce. Lambar da ka rubuta ana juya ta ne zuwa mataki tsakanin 0 da 19, har da ɓarinsa, ta wani lissafi da aka daidaita da sakamakon gwaji. Maki 1500 yana faɗawa wajen mataki ɗaya da rabi, 2000 ɗan sama da 4, 2500 kusa da 7, 2800 wajen 10. A lura da wannan da kyau: duk faɗin da ke tsakanin 1320 da 2000, inda mafi yawan masu wasa suke, an cusa shi ne cikin matakai huɗu na ƙasa. Wannan ne ya sa UCI_Elo ya fi Skill Level amfani ga ɗan wasa matsakaici, don hawa ɗaya a Skill Level a can ƙasa tsalle ne na sama da maki ɗari, yayin da UCI_Elo ke ba ka tsaka-tsaki.

Yadda abin yake a kan allo

A ɗauki wannan buɗin: 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.d4 exd4 4.Nxd4 Nxd4. Dokin baƙi ya ci dokin fari a d4, kuma abu ɗaya ne kawai zai iya ramawa, sarauniya: 5.Qxd4. Yaron da ya yi wata guda yana wasa ba ya ko tunani a nan, hannunsa ne ke zuwa da kansa. Stockfish a kan 1320 kuwa dole ya jera taku huɗu, kuma uku daga ciki barin doki ne a banza. Tazarar an shafe mafi yawanta, ƙuri'ar tana kan iyakar girmanta, ga kuma tikiti uku na ɓarna a kan ɗaya na gyara. Ba kullum zai ƙi ramawa ba, amma yana ƙi, kuma sau da yawa fiye da kowane mutum mai irin wannan maki.

Yanzu a kwatanta da 1.e4 d5 2.exd5 Qxd5 3.Nc3. An kai wa sarauniya hari, amma tana da gidaje da dama masu kyau, a5 da d6 da d8 da sauransu. Duk wanda ƙuri'a ta faɗa wa ba laifi. Haka abin yake a duk yanayin da wasa ya lafa: taku huɗun kusan ɗaya suke, ƙuri'ar ta yi ƙarama, kuma ma'aunin da ke tantance su shi ne NNUE, tsarin da injin ke auna kyawun yanayin allo da shi, wanda ya shigo tun Stockfish 12 a 2020, ba a rage masa ko ƙwayar ganinsa ba. Sai ka ga injin da aka ce 1500 ne yana jera 'ya'yansa kamar ƙwararre, yana kama gidajen tsakiya, yana matse ka sannu a hankali har taku 20, sannan rana tsaka ya yi katoɓarar da ba ta da dalili, ya kuma koma wasan ƙwararru kamar ba shi ba. Abin ya yi kama da gwanin gudu da aka ce ya riƙa faɗuwa da gangan jefi-jefi: tsakanin faɗuwa da faɗuwa gudunsa na nan yadda yake.

Mutum ba haka yake kuskure ba. Mutum yana kuskure ne don bai ga doki zai kama abu biyu a lokaci guda ba, ko ya manta da bishop da ke can nesa a kusurwa, ko kwaɗayin soja ya ja shi, ko agogo ya tsorata shi. Kurakuransa suna da asali, kuma ana iya ɗana masa tarko a kansu. Injin da aka rage wa ƙarfi ba ya faɗa wa tarko don kwaɗayi. Kana iya shirya masa dabara mai kyau ya tsallake ta cikin sauƙi, sannan ya ba ka hasumiya kyauta a inda ba ka yi komai ba. Illar ga mai koyo ita ce ya saba da jira: ya riƙa zama lafiya lau yana sauraren ranar da ƙuri'a za ta faɗi, maimakon ya koyi ƙirƙiro matsala. Wannan ɗabi'a ba ta cin wasa a gaban mutane.

Akwai kuma abin da ba ya taɓa kuskurewa. Idan ya hango kisan sarki, tazarar da ke tsakanin wannan taku da saura tana da girman da ko an raba ta gida 16 ƙuri'a ba za ta cike ta ba. Don haka ko a mataki na 0 ba ya barin kisa na taku ɗaya ya wuce shi, alhali masu koyo suna barin irinsa ya wuce kullum.

Ita lambar, ta wa ce?

Masu haɗa Stockfish sun faɗi gaskiya a bayaninsu: an daidaita UCI_Elo ne a wasan daƙiƙa 120 da ƙarin daƙiƙa 1 kowane taku, kuma an jingina shi da jerin CCRL, wanda jeri ne na injuna da ke karawa da injuna. Tsofaffin fitowa an daidaita su a daƙiƙa 60 da ƙarin 0.6. Tsarin Elo, wanda Arpad Elo ya tsara kuma FIDE ta ɗauka a 1970, ba ya auna ƙarfi a karan kansa. Yana faɗin yadda sakamako zai kasance ne tsakanin 'yan rukuni ɗaya: tazarar maki 100 tana nufin na sama zai samu kusan kashi 64 cikin 100, tazarar 200 kashi 76, tazarar 400 kashi 91. Idan rukuni ya bambanta, lambobin ba sa haɗuwa. Ko a tsakanin mutane ma, 1500 na shafin wasan ches na Lichess, inda kowa ke farawa da wannan lamba a tsarin Glicko-2, daban yake da 1500 na Chess.com, daban kuma da na FIDE, wadda tun Maris 2024 mafi ƙarancin makinta 1400 ne. To ina ga lambar da aka samo daga karawar injuna?

Saboda haka wanda ya ci Stockfish a kan 1800 kada ya ce ya kai 1800, wanda kuma ya sha kashi a kan 1400 kada ya karaya. Lambar tana da amfani a matsayin tsani: 1700 ya fi 1500 ƙarfi, wannan tabbas ne. Fiye da haka ba ta yi alkawari ba.

Batun lokaci ma yana da muhimmanci. Tunda zaɓe a ƙayyadadden zurfi ake yin sa, kuma kowace kwamfuta ta zamani tana kai zurfi 5 cikin ƙiftawar ido, ba wa injin minti 30 ba ya sauya yadda yake zaɓa. Mutum kuwa minti 30 na ƙara masa ƙarfi sosai. Ke nan lamba ɗaya za ta yi maka wuya a wasan minti uku, ta yi sauƙi a wasan dogon lokaci. Sai dai lokacin ba ya tafiya a banza gaba ɗaya: binciken da injin ya ci gaba da yi bayan ya zaɓa yana taruwa a ma'ajiyar Hash, kuma ɗan gajeren binciken taku na gaba yana cin moriyarsa. Wannan ne dalilin barin Threads da Hash yadda suka zo, da kashe Ponder, wato tunani a lokacin abokin karawa. Ƙara su na karkatar da injin daga yanayin da aka daidaita shi.

Inda ake yawan tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rubuta UCI_Elo a manta da kunna UCI_LimitStrength. Injin ba zai ce uffan ba, zai buga da cikakken ƙarfi.

Wanda ya fi shi ɓoyuwa shi ne rubuta lambar da ta fita iyaka. Stockfish ba ya mayar da ita iyakar da ta fi kusa, kuma ba ya yin gargaɗi: watsi yake yi da ita ya ci gaba da wadda ke nan. Mai rubuta 1000 zai samu 1320 yana zaton ya samu 1000. Mai rubuta 3500 don neman ƙarfi shi ma 1320 zai samu idan bai taɓa sauya lambar ba. A nan python-chess ya fi kirki, don yana tsayar da shirin ya nuna kuskuren. A ganinmu wannan shirun aibi ne na gaske a injin da masu koyo da yawa ke amfani da shi.

Haka nan 3190 ba cikakken ƙarfi ba ne. Har yanzu taku huɗu ake bi, har yanzu ana jefa ƙuri'a. Mai son nazari bayan wasa dole ya kashe UCI_LimitStrength ya mayar da Skill Level kan 20. In ba haka ba zai ga layin nazari na nuna wani taku, injin kuma ya buga wani, ya ɗauka manhajar ce ta lalace. Hanya mafi tsabta ita ce a shigar da injin sau biyu a manhajar allo da sunaye daban-daban, ɗaya na karawa ɗaya na nazari.

Sai MultiPV, wato saitin yawan takun da injin ke bi a lokaci guda. Huɗu shi ne mafi ƙaranci da injin ke bi idan an rage ƙarfi, amma idan an bar shi a kan 6 ko 8 daga nazarin da ya gabata, cikin shida ko takwas ɗin za a jefa ƙuri'a, injin ya ƙara rauni fiye da lambar. Wasu na amfani da wannan da gangan don sauka ƙasa da 1320, kuma yana aiki, sai dai wasan yana ƙara zama na rashin kan gado.

Abu biyu na waje kuma suna ɓata lissafi. Littafin buɗin wasa, wanda manhajar allo ce ke ba da shi ba injin ba, yana iya kai injin 1400 har taku 15 cikin wasan manyan gwanaye. A taƙaita shi zuwa taku huɗu ko biyar, don a samu bambancin buɗi kawai. Taskar ƙarshen wasa ta Syzygy kuma, wadda ke da cikakkiyar amsa ga duk yanayin da 'ya'ya ba su wuce bakwai ba, a bar SyzygyPath babu komai.

Sauran hanyoyi

Ana iya barin ƙuri'a gaba ɗaya a taƙaita bincike kawai, da go depth 3 ko go nodes 500. Taƙaita yawan yanayin da zai leƙa yana da wata fa'ida babba ga mai haɗa manhaja: ƙarfin ba ya sauyawa daga waya mai rauni zuwa babbar kwamfuta, abin da taƙaita lokaci ba ya bayarwa. Wasan ma ya fi daidaito, babu kyautar hasumiya ba dalili. Matsalar ita ce NNUE na da kaifin gani ko da bincike kaɗan, don haka ƙasan wannan hanya ma ya fi ƙarfin sabon shiga, kuma a yanayi ɗaya taku ɗaya zai riƙa maimaitawa in ba a haɗa masa da littafin buɗi ba.

Lichess ta haɗa hanyoyin ne. Matakanta takwas suna amfani da Fairy-Stockfish, reshen da Fabian Fichter ya fitar, wanda Skill Level ɗinsa ke sauka har ƙasa da sifili zuwa -20, sannan kowane mataki an haɗa masa iyakar zurfi da ta lokaci. Wannan ya warware matsalar sabon shiga ta fuskar samun wanda zai iya ci, amma irin kuskuren bai sauya ba, ƙuri'ar ce dai aka ƙara wa girma.

Wadda ta bi wata hanya daban ita ce Maia, aikin Reid McIlroy-Young da Siddhartha Sen da Jon Kleinberg da Ashton Anderson da aka gabatar a 2020. Ba a koya mata neman taku mafi kyau ba, an koya mata hasashen takun da mutum zai buga. Samfuri tara ne, daga 1100 zuwa 1900, kowanne an horar da shi da wasanni miliyan 12 na 'yan Lichess masu wannan maki, kuma tana dacewa da takun mutum fiye da rabin lokaci, abin da Stockfish da aka taƙaita wa zurfi bai kai ba. A d4 ɗin nan na sama Maia za ta rama ba tare da wata-wata ba, amma tana iya faɗa wa tarkon da mutane ke faɗawa, kuma wannan ne abin da mai koyo ke buƙata. Ana iya karawa da ita a Lichess da sunayen maia1 da maia5 da maia9, ko a ɗora fayil ɗinta, misali maia-1500.pb.gz, a kan wani injin ches mai suna lc0. Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: a sa ta a kan go nodes 1. Idan aka bar ta ta yi bincike, ta daina zama hasashen mutum. Ita ma tana da nata aibin. Tunda kullum takun da mafi yawan mutane za su buga take ɗauka, ba ta yin irin kwaɓar da gajiya ko gaggawa ke jawo wa mutum ɗaya, don haka Maia 1100 ta fi ɗan 1100 na gaske ƙarfi. Lambobinta kuma na Lichess ne, kuma samfuran nan tara a 1900 suka tsaya.

Tsohuwar hanyar ba da fifiko ma tana nan: a cire wa injin doki ko hasumiya ko sarauniya tun daga farko, a bar shi da cikakken ƙarfi. Don koyon yadda ake kai wasan da aka riga aka yi rinjaye zuwa nasara, ba mu san abin da ya fi wannan ba, don injin ba zai ƙara maka ko soja ɗaya kyauta ba.

Wa zai amfana, kuma ta yaya zai gano lambarsa

Daga wajen 2000 zuwa sama, Stockfish da aka rage wa ƙarfi abokin karawa ne mai kyau. Manyan katoɓara sun ragu, abin da ya saura ƙananan sassauci ne, kuma yana hukunta duk sakacin lissafi nan take. Ga mai gwada sabon buɗi ko mai son motsa ƙwaƙwalwa kafin gasa, ya wadatar. Ƙasa da haka Maia ta fi dacewa da karawar yau da kullum, a ajiye Stockfish don nazari da wasan fifiko. Wanda bai daɗe da koyon tafiyar 'ya'ya ba kuwa, 1320 ya yi masa yawa, ya nufi ƙananan matakan Lichess.

Gano lambar da ta dace da kai aiki ne na gwaji. A tsayar da lokaci guda, misali minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10, kada a sauya shi. A buga wasanni 20, rabi da fari rabi da baƙi, ba mayar da taku, ana rubuta sakamako: nasara 1, canjaras rabi. Wanda ya samu 15 ko fiye ya ƙara 150, wanda bai wuce 5 ba ya rage 150, wanda ya faɗa tsakiya ya zauna a nan. Lambar da ke ba ka kashi 35 zuwa 45 cikin 100 ita ta fi amfani wajen horo, don tana matsa ka ba tare da ta kashe maka gwiwa ba. A tuna wasanni 20 kaɗan ne: kuskuren awo a kansu yana iya kai maki 150 sama ko ƙasa, a wasanni 100 ma yana wajen 70. Saboda haka nasara uku a jere ba hujjar hawa ba ce.

Mai haɗa manhaja da ke son lambobin matakansa su yi ma'ana sai ya yi nasa awon da cutechess-cli ko fastchess, manhajojin da ke haɗa injuna karawa: kowane mataki ya kara da na kusa da shi ɗaruruwan wasanni, da jerin buɗi daban-daban, kowane buɗi a buga shi sau biyu ana musayar launi, a kan lokacin da masu amfani da manhajar za su yi wasa da gaske. Idan tazarar matakai biyu ta wuce maki 200 a sa wani a tsakani, don mai wasa da ya tashi daga cin rabi ya faɗa cin kashi ɗaya cikin huɗu yakan ajiye manhajar. Kuma duk lokacin da aka sauya fitowar Stockfish a sake awon daga farko, don cibiyar NNUE da tsarin bincike suna sauyawa, kuma zurfi 5 na fitowa ta 15 ba shi ne zurfi 5 na ta 17 ba.